Yadda Ake Fita Kallon Tsuntsaye Da Laimar Kwaɗi A Duwatsun Jos

Tun da damina ta kankama masu karatu ke aiko da tambaya iri ɗaya: waɗannan hotunan tsuntsaye da na laimar kwaɗi da ake ɗaukowa a bayan garin Jos, a ina ake samunsu, da me ake zuwa, kuma nawa abin yake ci? Wasu sun ce sun hau duwatsun Shere sun sauko, ba abin da suka gani sai hankaki, ba abin da suka samu sai ciwon cinya.

Matsalar ba ta wurin ba ce, ta tsarin tafiyar ce. Tsuntsu yana sama, da sassafe yake harkarsa, kuma ƙaramin motsi ke korarsa. Laimar kwaɗi tana ƙasa, ba inda za ta, ko da hantsi ka zo za ka same ta. Wanda ya nemi su biyun a taki ɗaya zai wuni yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, ya koma gida bai ga ko ɗaya da kyau ba. Raba musu lokaci ake yi: ka tafi kanka a sama, ka dawo kanka a ƙasa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan aka ɗora su.

1. Wata da rana

Damina a Jos tana farawa wajen Afrilu ta ƙare a Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. In laimar kwaɗi kaɗai kake so, ko yaushe cikin damina ya yi. In tsuntsaye kaɗai ne, shekara duka tasu ce. Amma mai son haɗa biyun a fita ɗaya, ni dai zan ce ya nufi ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Ƙasa na da sauran danshi, ciyawa ta yi 'ya'ya, ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba sun shiga lokacin ƙwai, mazansu sun yi ado suna kuka a fili. Daga Satumba kuma baƙin tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suke fara sauka, su zauna har wajen Afrilu.

Game da rana, ka bari a yi ruwa mai kyau, ka ƙirga kwana biyu ko uku, sannan ka fita. Washegarin ruwa yawancin laimar ba ta gama buɗewa ba, in kuma an yi mako guda ana rana ta bushe ko tsutsa ta cinye ta.

Ka bar gida da an sallame asuba. Ana so gari ya waye maka a bakin dajin, ba a tasha ba.

Gargaɗi: hadarin Jos ba ya sallama, wani lokaci har da ƙanƙara. Da ka ji cida, sauko daga kan fa, kuma kada ka fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Ka tsara tafiyarka yadda kafin azahar ka fito.

2. Wuri da izini

Dajin Amurum shi ne na farko. Yana ƙauyen Laminga a ƙaramar hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI, mai aiki tare da Jami'ar Jos. Dajin ba wani girma ne da shi ba, amma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa, saboda ya haɗa muhalli uku a wuri guda: duwatsu, kurmin bakin rafi, da filin ciyawa mai ƙananan itatuwa. Ga ɗan koyo wannan babbar gata ce, domin cikin tafiyar awa ɗaya zai ratsa duka ukun.

Amurum wurin bincike ne, ba wurin shaƙatawa ba. Ka tuntuɓi cibiyar tun kafin ranar, ka faɗi yawanku, ka nemi a haɗa ku da ɗan jagora. In ka ga raga a kafe tsakanin sanduna, ko tsuntsu da zobe a ƙafa, ko ƙyalle ɗaure a reshe, aikin ɗalibai ne, kada ka taɓa. Wajen ɗaukar shata kuma ka bayyana wa direba sarai cewa Laminga za ka, don akwai Lamingo inda dam yake, an sha sauke baƙo a can.

Duwatsun Shere sun fi dacewa da mai ƙarfin gwiwa. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, garin Jos kuwa yana kan kimanin mita 1,200, ka ga hawan ba na wasa ba ne. Shawarata ka manta da ƙololuwa. Gindin duwatsun da kwazazzabai masu inuwa sun fi sama albarka nesa ba kusa ba.

Mai tafiya da yara ko dattawa ya fara da gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972. Akwai hanyoyi sharare, akwai manyan itatuwa da ruɓaɓɓun kututture, kuma kuɗin ƙofa kawai za a biya.

Duk inda ka zaɓa a wajen gari, ƙasar wasu ce. Yankin Laminga da Shere na Afizere ne, kuma kusan kowa yana jin Hausa. Ka tsaya ka gaisa: "Baba, sannu da aiki, tsuntsaye muka zo kallo, ta ina ya kamata mu bi?" Mutum da madubin hangen nesa a wuya yana leƙe-leƙe a bayan gonar mutane ba tare da sallama ba, dole a yi masa wata fassara. In an ce wancan kurmin ko wancan dutsen ba a shiga, to ba a shiga, ba sai an faɗa maka dalili ba.

Gargaɗi: ka tambayi mutanen wurin halin tsaro a daren da za ka wayi gari ka tafi, ba labarin makon jiya ba. Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ku wuce mutum biyar ko shida. A gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku.

3. Kaya da kuɗi

Abu ɗaya ne mai tsada a wannan harka: madubin hangen nesa. Ka nemi mai rubutun 8x42 a jiki. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da sassafe da cikin kurmi. Mai 8x32 ma ya yi, ya fi sauƙin ɗauka. Ka guji waɗanda ake tallarsu da manyan lambobi kamar 20 ko 50 a farko. Hannu ba ya iya riƙe su ba rawa, kuma kafin ka lalubo reshen tsuntsun ya tashi. In na hannu za ka saya, ka duba da shi tukuna: ka kalli wayar lantarki daga nesa, in ta rabu biyu ko ka ji idonka na ja, ajiye shi komai arharsa. Fitar farko ma aro ya fi, ko ku yi karo-karo mutum biyu madubi ɗaya.

Sauran kayan yawanci suna gida. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba da ke kama dutse, dogon wando, safa mai tsayi, riga mai dogon hannu, da ƙaramar rigar ruwa. Wanda ba shi da su ya leƙa 'yan gwanjo a kasuwar Katako. Launi ya zama mai duhu-duhu, ruwan ƙasa, toka-toka ko kore. Farar shadda da jan mayafi a bar su sai ranar biki. Mata su zaɓi hijabi gajere wanda ƙaya ba za ta riƙa kamawa ba, da wando a ciki.

A jaka: ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, ɗan abin taɓawa, ƙaramin littafi da fensir domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda, sanda, ƙaramar wuƙa, ɗan madubin fuska irin na jakar mata, tsohuwar jarida ko ambulan, da waya cike da caji. Madubin fuskar nan kada ka raina shi, za ka ga aikinsa a mataki na takwas.

Manhajojin da ake amfani da su kyauta ne: Merlin don gane tsuntsu, eBird ko BirdLasser don ajiye lissafi, iNaturalist don laimar kwaɗi. Ka sauke su da bayanan yankinmu tun a gida, don sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu.

Kuɗin ranar wuri uku suke tafiya: mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga inda ake karɓa, da hasafin ɗan jagora. Na mota ne ya fi yawa, kuma shi ne ke sauka in kun haɗu kun raba. Ku yi ciniki da direba a kan zuwa da dawowa gaba ɗaya, ku tsayar da lokacin da zai dawo, domin samun abin hawa daga ƙauye da rana tsaka wani aiki ne. Na ɗan jagora kuwa a daidaita tun kafin a ɗaga ƙafa, kuma kada a yi masa ƙoro. Yaron da ya tashi yana kiwo a wurin ya san wane fa ne kazar dutse ke kwana, ya san wane suri ne ke fitar da naman kaza duk shekara. Babu manhajar da ta san wannan.

4. Saita madubi tun a gida

Ka lanƙwasa madubin a tsakiya har da'ira biyun su zama ɗaya. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka kalli wani rubutu daga nesa, ka murza dabaran tsakiya har ya fito tas a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka murza zoben da ke jikin idon dama kaɗai har shi ma ya fito. Shi ke nan, zoben ba ka sake taɓa shi. Mai tabarau ya murza robar idon ƙasa.

Sannan ka koyi abu ɗaya a tsakar gida da kurciya ko gwara: idonka ya tsaya a kan tsuntsun, madubin ne zai taso ya same shi. Kuskuren kowane sabon shiga shi ne ya sunkuya ya dubi madubin, ya ɗora a ido, sannan ya shiga lalube a cikin ganye.

5. Awa biyun farko

Da kun isa, kada ku fara tafiya nan take. Ku tsaya minti biyar ba magana. Kunne ne ke fara gano tsuntsu, ido yana biyo baya. A gefen duwatsu abin da za ka fara ji shi ne kazar dutse, garke guda suna fito tare, sautin na hawa sama. Daga cikin ciyawa makwarwa za ta amsa da muryarta mai kaushi. Can cikin duhuwa ragon maza yana sauke kukansa mai zurfi daki-daki. In ka ji wani fito mai zaƙi da wani ƙaraurau a manne da shi kamar bakin tsuntsu ɗaya, biyu ne, namiji da mace ke amsa wa juna. Ka yi haƙuri ka jira, za ka ga baƙin baya, jan ciki jawur da rawaya a ka.

Ka sa rana a bayanka. In ka fuskanci gabas da safe, kowane tsuntsu baƙi zai zame maka. In hanya ta tilasta, ka wuce bishiyar sannan ka juyo.

Tafiyar kuwa taki ashirin ne a tsaya. Kilomita biyu cikin awa biyu ba jinkiri ba ne a nan. Wuraren da suka cancanci doguwar tsayuwa su ne inda muhalli biyu suka haɗu, kamar bakin kurmi ko gindin fa, sai baure ko cediya mai 'ya'ya, sai duk wani ɗan ruwa da ya kwanta a kan dutse. Baure mai nunannun 'ya'ya ya fi yawon awa guda. Ka sami inuwa ka zauna, su za su zo: cilakowa, kurciyoyi, da wani babban tsuntsu mai launin shuni mai duhu da rawayan goshi, wanda in ya buɗe fiffike za ka ga ja kamar an zuba masa jini. A gaɓar rafi mai zaizayar ƙasa ka duba ramuka jere, gidajen wasu korayen tsuntsaye ne masu jan maƙogwaro da ke cafke ƙudan zuma da zanzaro a iska.

In tsuntsu ya bayyana, kada ka ruga ga waya. Ka kalle shi har ya tashi, kana amsa wa kanka tambayoyi bi da bi. Girmansa fa, gwara ne, kurciya ce, ko hazbiya? Bakinsa gajere ne mai kauri na cin tsaba, siriri ne mai lanƙwasa na shan fure, ko mai ƙugiya? Jelarsa fa? Ina yake, ƙasa, reshe, ko kan dutse? Me yake yi? Launi shi ne na ƙarshe, domin haske yana yaudara, kuma mace da ɗan tsako sau da yawa ba su kama da namiji ba. Ka rubuta, sannan ka buɗe littafi ko manhaja. Wanda ya fara buɗe hoto, idonsa zai ga abin da hoton ya nuna masa.

Wajen nuna wa abokin tafiya, ba a miƙa hannu ba a ɗaga murya. Ka ɗauki bishiyar a matsayin fuskar agogo, ka ce a hankali: "Bauren nan, ƙarfe biyu, can ƙarshen reshe."

Gargaɗi: manhaja mai sauraren kuka tana yawan kuskure da tsuntsayenmu, kada ka rubuta abin da ba ka gani ba don ta faɗa. Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi, musamman a wannan lokaci na ƙwai. Namijin zai bar abin da yake yi ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi. In ka ci karo da sheƙa, kallo ɗaya ka wuce. Kuma in yara masu danƙo suka kawo maka tsuntsu ka saya, kada ka saya ko don tausayi, gobe biyu za su kamo.

6. Biyun da ake zuwa Jos dominsu

Akwai ɗan ƙaramin tsuntsu, bai kai gwara ba, da ke zama a gindin duwatsu inda ciyawa da ƙananan itatuwa suka haɗu. A manhaja sunansa Rock Firefinch. Sai a 1998 masana suka tabbatar cewa iri ne mai zaman kansa, kuma daga tsaunukan Jos aka bayyana shi. Namijin ja ne a fuska da ƙirji har gadon baya, bakinsa shuɗi-shuɗi mai toka. Jan bayan da launin bakin su ne za su raba maka shi da ɗan'uwansa mai jan baki da ke shigowa tsakar gida. A ƙasa yake kiwo, yawanci biyu-biyu, don haka wannan karon ka sauke madubin ƙasa, ka duba gefen fa da bakin ɗan ruwa.

Na biyun shi ne Jos Plateau Indigobird. Ita macen ba ta gina sheƙa. A sheƙar wancan jan take saka ƙwanta, a ƙyanƙyashe shi tare da 'ya'yan gida, a ciyar da shi tare da su, agola ne da ba a san agola ba ne, domin har zanen cikin bakinsa irin nasu ne. In namiji ne, yana girma da kukan uban riƙonsa a baki. Wannan ne ma hanyar gane shi, saboda akwai wasu 'yan'uwansa baƙaƙe masu kama da shi ƙwarai. A ƙarshen damina zuwa kaka namijin yana yin baƙi mai sheƙin kore da farin baki, ya hau ƙololuwar bishiya ɗaya yana kuka, ya tashi ya dawo kanta. Da rani kuwa ya koma ruwan ƙasa mai zane, sai gwani. A nan ɗan jagoran Amurum yake cin kuɗinsa.

7. Juyowa

Wajen ƙarfe tara da rabi zuwa goma kuka zai ragu. Shirwa da shaho sun fara shawagi, ƙananan sun shige inuwa. Ku zauna ku sha ruwa, madubi ya koma jaka, sanda ta fito. Ta hanyar da kuka zo za ku koma, kuma za ka yi mamakin abin da ka tsallake ɗazu.

Abin da muke kira laimar kwaɗi 'ya'ya ne kawai. Ainihin halittar wani farin zare ne da ke cikin ƙasa, ko cikin itace, ko cikin suri, yana cin abin da ke wurin. Saboda haka ba a neman laimar, abincinta ake nema.

Fara da suri. Wasu nau'o'in gara noma suke yi a cikin gidansu: suna tauna ciyawa da itace su jera, wannan zaren ya ci ya narkar musu, su kuma su ci shi. Da damina sai ya huda ƙasa ya fito a kan surin ko kusa da shi. Masana na kiran wannan dangi Termitomyces, kuma yawancin naman kazan da mutanen ƙauye ke ci daga cikinsa yake. Alamarsa ɗan tsini a tsakiyar hula, da doguwar saiwa da ta nutse har cikin gidan garar.

Sai matattun itatuwa. A busasshen reshe za ka ga wasu ƙanana farare-farare masu gashi, jere kamar mafici, waɗanda ke ƙanƙancewa da rana su buɗe in an yi ruwa. Waɗannan kada ka kai su hanci. A ruɓaɓɓen kututture cikin kurmi akwai masu laushi ruwan ƙasa masu siffar kunne. A gindin bishiya mai rai kuwa, in ka ga wani faifai mai tauri, jaja-jaja mai sheƙi kamar an shafa masa mai, fari a ƙasa, Ganoderma ke nan, kuma shaida ce cewa cikin bishiyar yana ruɓewa. Kada a yi zango a ƙarƙashinta ranar iska.

Ƙarƙashin itatuwan turare da aka daddasa a tsofaffin filayen haƙar kuza akwai wani dunƙule ruwan ƙasa wanda da farko za ka ɗauka kashin dabba ne. Tsaga shi, za ka ga ƙananan ɗakuna cunkushe. Da saiwar bishiyar yake hulɗa, yana taimaka mata samun abinci a ƙasar da ta mutu. Filin ciyawa inda shanu suka kwana shi ma yana da nasa. Har dabbare-dabbaren toka-toka da ruwan lemo da ke manne a jikin duwatsu 'yan wannan gida ne, haɗin gwiwa ne tsakaninsu da gansakuka.

Gargaɗi: wannan ne matakin da maciji yake. Tsohon suri mai ramuka, ƙarƙashin gungume da tarin ganye duk makwancinsa ne, kuma yankin nan akwai kasa da kububuwa da gamsheƙa, ga kunama. Sanda ce ke fara zuwa, ba hannu ba. In za ka juya gungume, ka jawo shi ta wajenka yadda abin da ke ƙasa zai gudu ta can, sannan ka mayar da shi yadda yake. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, ta wannan ɓangaren garin. Kududdufan kuza kuma a kalli tsuntsayensu daga nesa, suna da zurfi, gaɓarsu tana zaftarewa.

8. Duba guda ɗaya

Kafin ka taɓa, ɗauki hoto uku: daga sama, daga gefe kana durƙushe daidai tsayinta, da na ƙarƙashin hula. Na ukun ne mutane ke mantawa, alhali shi ne ya fi muhimmanci. Ka zura madubin fuskar nan a ƙarƙashinta ka ɗauki abin da ya nuna. Ka ajiye biro ko tsabar kuɗi a gefe don a san girma.

Sannan ka rubuta. A kan me ta fito, ƙasa, itace, suri ko kashin shanu? Wace bishiya ce kusa? Ita kaɗai ce, cunkus ne, ko da'ira suka yi? Ƙarƙashin hular haƙarƙari ne jere, ko ƙananan huji? Wane launi? Akwai zobe a karan?

In suna da yawa, za ka iya cire ɗaya, amma a Amurum da gandun namun daji sai ka tambaya. Kada ka tsinke ta, kada ka yanke a daidai ƙasa. Ka sa wuƙa ka tono ta har gindi, domin a can babbar shaida take. In ka ga gindin ya kumbura yana zaune cikin wata 'yar jaka, ga zobe a sama, ga farin haƙarƙari, to ka ɗauka dangin Amanita ne, kuma a cikinsu ne masu kisa suke. Ka tsaga ta tsaye ka ga ko naman zai sauya launi ko zai fitar da ruwa kamar madara. Ka naɗe ta a jarida ita kaɗai. Leda tana sa ta gumi ta narke kafin ku kai gida.

Taɓawa da hannu ba ta kisa, ci ne ke yi. Duk da haka a wanke hannu kafin a taɓa abinci, yara kuma a ce musu kallo kawai.

9. Zanen iri a takarda

A gida ka yanke karan, ka kifa hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi, ka ajiye inda yara da kaji ba sa kaiwa. Da safe ka ɗaga a hankali. Garin irin da ya zubo zai zana siffar haƙarƙarin, kuma launinsa, fari, ruwan hoda, ruwan ƙasa, baƙi ko kore, yana rage maka zato sosai.

Misalin da ya kamata kowa ya sani: wata babbar farar laima mai ɓawo-ɓawo a hula da zobe a kara, wadda ke fitowa a filin ƙwallo da harabar makarantu, sau da yawa a da'ira. Kyakkyawa ce, tana kama da abin ci. Garinta kore ne, haƙarƙarinta ma yana komawa kore-kore in ta tsufa. Sunanta Chlorophyllum molybdites, kuma cikin awa ɗaya zuwa uku take saukar wa wanda ya ci amai da gudawa mai tsanani.

10. Maganar ci

Wannan jagorar ta kallo ce. Kada ka ci komai bisa hoto, ko bisa manhaja, ko bisa abin da ka karanta a nan. Matan ƙauye da ke tsince naman kaza a suri sun gaji sanin ne, iri kaɗan suke ɗauka, a wuraren da suka sani, sauran duk su bar su. Kai da ka zo yau ba ka da wannan.

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa kuma ƙarya ne. Cewa in tsutsa ko dodon koɗi ya ci to mutum ma zai ci, ƙarya ne. Cewa cokalin azurfa ko albasa na yin baƙi in akwai dafi, ƙarya ne. Cewa tafasawa ko shanyawa na kashe dafin, ga masu kisan dai ba ya yi. Mugun halin dafin Amanita shi ne jinkiri: sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su fara, sannan mutum ya ji kamar ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Duk wanda ya ci laimar daji ya ji ba daidai ba, ko yaro ya ci ba a san irinta ba, a tafi asibiti nan take, a riƙe ragowar ko hotonta, a faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci. Ba a jira a ga abin da hali zai yi, ba a tsaya ba da manja ko madara.

11. Bayan an dawo

Kafin komai ka cire kaya ka duba jikinka saboda kaska, musamman bayan gwiwa, ƙugu da hammata. Madubi ka goge shi da ƙyalle mai laushi, ka bar shi a buɗe ya sha iska, domin danshin damina yana sa gilashi fumfuna daga ciki, kuma in ta shiga gyaranta da wuya.

A ranar ka tsabtace lissafinka, tun kana tuna abin da gajerun rubutunka ke nufi: kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, yanayin sama, da yaushe aka yi ruwan ƙarshe. Wanda ba ka tabbatar ba ka sa masa alamar tambaya, ka bar shi haka. Na tsuntsaye ka tura ta BirdLasser, yana shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da APLORI ke jagoranta, ko ta eBird. Hotunan laimar kwaɗi uku-uku ka ɗora a iNaturalist tare da bayanin abin da ta fito a kai da launin garinta. In sheƙa ce ko wani tsuntsu da 'yan kamu ke nema, ka ɓoye ainihin wurin a manhajar.

Ka tambayi ɗan jagoranka sunan kowane abu da Hausa da kuma harshensu, ka rubuta a gefen na manhaja. Ka karɓi lambarsa, ka roƙe shi ya kira ka duk ranar da surin nan ya fitar, don ba ya wuce kwana biyu ko uku kafin mutane ko awaki su riga ka.